Esin gaban motar tafi-da-gidanka na busa iska mai ɗumi: daga ina za a fara bincike?

A Amurka da Kanada da ƙasashen Turai akwai motocin da ake ƙerawa da ɗaki a cikinsu: gado, madafa, banɗaki, har da ɗan falo. Iyali su loda kayansu su kama hanya, inda dare ya yi musu nan ne gida. Yawancin na Amurka a yankin Elkhart na jihar Indiana ake haɗa su, manyansu kuma kan kai tsawon mita 12 ko fiye. In zafi ya shigo, akwai kukan da ba a rasa ji daga masu irin wannan mota: an kunna esin gaba, wato na'urar sanyaya iska ta wajen direba, fanka na hurawa da ƙarfi, amma iskar da ke fitowa daga dashbod ɗumi gare ta, wani lokaci ma zafi sosai. Abin da kusan kowa ke fara cewa shi ne, "Gas ya ƙare, a ƙara gas." Wannan maganar nake so mu warware, domin ta ci kuɗin mutane da yawa, ta kuma kashe kwamfuresa masu lafiya.

Da farko, esi iri biyu ne a jikin motar, kuma babu abin da ya haɗa su. Akwai na kan rufi, wanda ke aiki da lantarki irin na gida, bolt 120 a Amurka, 230 a Turai, daga janareta ko daga soket ɗin wurin da aka yi zango. Akwai kuma na gaba, na wajen direba, wanda injin motar ke juyawa da bel, kamar na kowace mota. Lafiyar ɗaya ba ta cewa komai a kan lafiyar ɗayan. Wani abin da ke rikita masu gyara shi ne, a manyan motocin masu siffar bas, kamfani biyu ne suka yi esin gaba. Mai ƙera shasi, kamar Ford mai F-53 ko Freightliner mai na dizal, shi ke kawo inji da kwamfuresa. Kamfanin da ya gina ɗakin shi ke saka akwatin da ke cikin dashbod, sau da yawa ma sayo shi yake yi daga wani kamfanin, kamar Evans Tempcon ko Denso. Saboda haka littafin Ford ba zai faɗa maka komai da komai ba, har yawan gas ɗin da ya kamata a zuba. Ƙananan da aka gina a kan Ford E-450 ko Mercedes Sprinter ko Fiat Ducato ba su da wannan rikici, esinsu na gaba na masana'antar motar ne baki ɗaya.

Esi ba ya ƙirƙirar sanyi, zafi yake kwashewa daga ciki ya zubar a waje. Abin da ke sanyaya ruwan randa shi ne ke aiki a nan: ruwan da ya tsattsafo ta jikin randa yana bushewa, yana tafiya da zafin na ciki. A mota, maimakon ruwa, gas ne mai suna R-134a, wanda in ba a matse shi ba yake tafasa tun a digiri 26 ƙasa da sifili. Kwamfuresa na matse shi ya yi zafi, ya tura shi kwandensa, wato faifan da ke gaban lagireto, inda iskar waje ke sanyaya shi ya koma ruwa. Daga nan ya bi ta wata ƙaramar ƙofa, bawul ko siririn bututu, matsin ya sauka farat ɗaya, ya shiga faifan sanyi da ke ɓoye a cikin dashbod. A can yake tafasa, yana zuƙe zafin iskar da fanka ke hurawa ta cikin faifan. Sai ya koma kwamfuresa a sake zagaye. A rufe wannan zagaye yake. Gas ɗin ba fetur ba ne da ake ƙonawa. In ya ragu, fita ya yi ta wani wuri.

Tambayar da ta kamata a fara yi ita ce: sanyin ne ba a yi ba sam, ko kuwa an yi shi wani abu ya ɓata shi kafin ya iso fuskar direba? Amsar ba ta buƙatar geji, wato agogon auna matsin gas. A tayar da inji, a sa esi a ƙarshen sanyi, fanka a ƙarshen gudu, a bar shi minti kaɗan. A duba fuskar kwamfuresa: fulin da bel ke juyawa kullum yana juyawa, amma farantin da ke gabansa ba ya juyawa sai kuloci ya kama, kuma akan ji ƙarar "ƙas" lokacin da ya kama. Sannan a taɓa bututun ƙarfe biyu da suka shiga akwatin dashbod ko suka fito daga kwamfuresa, ana kiyaye hannu da hannun riga daga bel da fanka. Mai kaurin ya kamata ya yi sanyi ƙarara, har ya riƙa gumi. Siririn da ya fito daga kwamfuresa zuwa kwandensa ya kamata ya yi zafi. Abin da hannu ya ji a nan shi ke nuna hanyar da za a bi.

Mu fara da wadda aka fi tsallakewa. Bututu mai kauri ya yi sanyi, yana gumi, ruwa na ɗiga a ƙarƙashin mota, amma iskar ciki ɗumi. Wannan esin lafiyarsa ƙalau, kada a taɓa gas ɗinsa. Matsalar tana cikin dashbod. A cikin akwati ɗaya faifan sanyi yake zaune da faifan hita, wanda ruwan lagireto ke bi ta cikinsa, ruwan da zafinsa ke kai wa digiri 90. Abin da ya raba su bawul ne a kan tiyon ruwan zafi, ko wata ƙyaure da ke karkata iska, ko duka biyun. In bawul ɗin ya tsufa ya daina rufewa ruf, ko wayar da ke jansa ta saki, ko ƙaramar motar lantarkin da ke juya ƙyauren ta cinye haƙoranta, sai iskar da aka sanyaya ta bi ta kan hita ta sake ɗumama. Ruwan zafi kaɗan ya isa ya cinye duk wahalar kwamfuresa. Gwajinsa mai sauƙi ne. A taɓa tiyo biyu na hita yayin da maɓallin ke kan sanyi. A motar da ke da bawul, in dukansu suna ƙona hannu, ruwa na wucewa. A matse ɗaya daga cikinsu da filaya mai faɗin baki wadda ba za ta yanka robar ba, a jira minti goma. In iska ta yi sanyi, an kama ɓarawon. Farashin wannan bawul bai kai ko kusa da na kwamfuresa ba, kuma abin takaici ne yadda ake sauya kwamfuresa sabuwa dal saboda shi.

Akwai wata alama da ke da alaƙa da wannan. A motoci da yawa, musamman tsofaffin na Ford, ƙyauren da ke raba iska ba da lantarki suke motsi ba, da zuƙar inji suke yi, ta wasu siraran tiyo na roba. An tsara su ta yadda in zuƙar ta ɓace, iska za ta koma gilashin gaba, don kada direba ya rasa abin share raɓa a lokacin sanyi. Shi ya sa mai mota zai ce, "In ina hawan tudu iska ta ɗauke daga gabana ta koma gilashi, in na saki totur ta dawo." Hawan tudu da totur a buɗe na rage zuƙar injin fetur, kuma tulun ajiyar zuƙa da ɗan bawul ɗinsa su ne ke riƙe ƙyauren a wannan lokaci. In tiyo ya tsage, ko ɓera ya ci shi lokacin da motar ke ajiye, ko bawul ɗin ya mutu, haka za a gani. Injin dizal ba ya ba da irin wannan zuƙa, sai a saka masa ɗan famfo, shi ma yakan mutu. Duk wannan babu ruwan gas.

Hanya ta biyu: kuloci bai kama ba sam. Nan aikin mai waya ne kafin na mai esi. A duba fis, a duba rile, a musanya shi da wani irinsa a cikin akwatin a ga ko zai tashi. A sa mita a bakin wayar kwamfuresa. In bolt 12 na isowa amma bai kama ba, ko dai nadin wayar da ke cikin kulocin ya ƙone, ko as ɗinsa, wato wayar da ke haɗa shi da ƙarfen mota, ya saki, ko ratar da ke tsakanin faranti da fuli ta yi faɗi saboda cinyewa. Ratar ba ta kai milimita ɗaya ba a mai lafiya. Alamar faɗinta sananniya ce: da safe esi na aiki, in inji ya ɗau zafi ya saki ya ƙi komawa, domin maganaɗisun ya yi rauni da zafi, ba ya iya jawo farantin daga nesa. Cire wasa ɗaya, wato siririn zoben ƙarfe, daga bayan farantin kan magance ta. In kuwa wutar ba ta isowa, wani abu ne ya tsare ta a hanya, kuma galibi makunnin matsi ne. An saka shi ne don ya hana kwamfuresa juyawa in gas ya yi ƙasa ƙwarai, domin gas ɗin ne ke yawo da man da ke shafe cikinta. Masu gyara kan haɗa wayoyin makunnin kai tsaye su ga ko kuloci zai kama. Na daƙiƙa kaɗan, don gwaji, ba laifi. Amma a bar shi a haɗe a ce an gyara, wannan yanka kwamfuresa ne, za ta yi ta juyawa a bushe har ta ci kanta. Sai a lura kuma, wasu motocin Turai na zamani ba su da kuloci mai kamawa da saki, kullum kwamfuresarsu na juyawa, kwamfutar mota ce ke ƙara mata aiki ko ragewa, don haka kallon faranti ba ya faɗin komai a kansu.

Hanya ta uku ita ce ke buƙatar geji: kuloci na kamawa, ko yana kamawa yana saki kowane daƙiƙa kaɗan, amma bututu mai kauri bai yi sanyi ba. Gejin kirki agogo biyu gare shi, shuɗi na ɓangaren ƙaramin matsi, ja na babban matsi. A nan akwai kuskuren da ya kamata a tsaya a kansa. Mutum ya ɗaura geji inji a kashe, ya ga allura ta haura, ya ce gas a cike yake. Wannan awo ba ya nuna yawan gas. Muddin akwai ko ɗan ruwan gas a ciki, matsin da za a gani na bin zafin gari ne kawai: R-134a zai nuna wajen 97 a ma'aunin matsi na psi a digiri 30, wajen 114 a digiri 35, ko tsarin a cike yake ko saura kwata. Amfanin wannan awo ɗaya ne, in ya nuna ƙasa ƙwarai ko sifili, an san kusan komai ya fita.

Awon da ke magana shi ne na lokacin da kwamfuresa ke aiki. A rana mai zafi, shuɗin kan zauna tsakanin 30 da 50, jan kuma daga wajen 200 zuwa 300, gwargwadon zafin ranar. In dukansu sun yi ƙasa, gas ya ragu. In sun matso kusa da juna, shuɗi ya hau, ja ya ƙi hawa, kwamfuresa na juyawa amma ba ta matsewa. In shuɗi ya faɗi har kusan sifili ko ƙasa da haka alhali gas na nan, hanya ta toshe, galibi a bawul ko siririn bututun nan, wani lokaci har a ga ƙanƙara ta taru daidai wurin toshewar. In dukansu sun yi sama, ko gas ya yi yawa, ko iska ta shiga ciki, ko kwandensa ba ta samun iskar da za ta huce. Gwangwanin gas da ake sayarwa a shagunan kayan mota a Amurka, mai ɗan agogo ɗaya a kansa, ɓangaren shuɗi kawai yake gani. Mai mota ya yi ta ɗurawa yana jiran allura ta shiga kore, ba ya ganin jan da ke haurawa. Gas in ya wuce kima sanyi raguwa yake yi, ruwansa kuma na iya komawa cikin kwamfuresa, wadda tururi aka yi ta ta matse, ba ruwa ba. Garin neman gira a rasa ido.

Maganar kwandensa tana da alamarta da ba ta ɓuya. A kan babbar hanya esi na sanyi, da an shiga cunkoso ko an tsaya inji na silo sai ya ɗumama. Iskar gudu ce ke rufa masa asiri. A duba fankar lantarkin da ke gaban kwandensa, ko kulocin fankar inji, a duba ƙwari da ganye da laka da suka toshe ramukanta, har da ratar da ke tsakaninta da lagireto, inda datti ke taruwa ba a gani. A motocin dizal masu inji a baya, lagireto na shan ƙurar da tayoyi ke tayarwa haɗe da tururin mai, su zama ƙulli. Direban Coaster ko Hiace da ya sha hanyar Kano zuwa Maiduguri a hunturu ya san wannan ƙura. Wanki da ruwa mara ƙarfi sosai, daga baya zuwa gaba, kan dawo da sanyin da aka zaci ya tafi. Akasin wannan kuma, in esi ya fara da sanyi sosai, bayan tafiyar awa ɗaya iskar ta ragu kamar fanka ta gaji, aka kashe na ɗan lokaci ruwa ya zubo da yawa ya dawo daidai, faifan sanyi ne ke daskarewa. Na'urar da ke auna sanyinsa ta yanke kwamfuresa ita ce abin tuhuma.

To, in an tabbatar gas ya ragu, ta ina ya fita? A nan motar tafi-da-gidanka ta fi ƙaramar mota rauni, ta fuska biyu. Ta farko tsawo. A mai inji a baya, kwamfuresa na can wutsiya, faifan sanyi na gaban direba, tiyo biyu sun bi ƙarƙashin motar tsawon mita goma ko fiye, suna gogar ƙarfen shasi, suna shan gishirin da ake zubawa a titunan arewacin Amurka lokacin ƙanƙara. Kowace mahaɗa wurin yoyo ce. Wannan tsawo ne kuma ya sa gas ɗin da take ci ya ninka na ƙaramar mota, wadda ba ta cika wuce rabin kilo zuwa kilo ɗaya ba. Ta biyu zama. Yawancin masu irin wannan mota suna ajiye ta watanni, daga kaka har bazara. Sil ɗin da ke bakin sandar kwamfuresa, wato zoben da ke hana yoyo, da mai yake riƙe gas, in ya daɗe bai juya ba ya bushe, gas ya riƙa sulalewa a hankali. Shi ya sa ake ba da shawarar a tayar da inji a kunna esi minti goma ko sha biyar kowane wata, ko da ana sanyi.

Gas na fita da mai, don haka duk inda aka ga maiƙo ya kama ƙura a jikin tiyo, ko mahaɗa, ko kusurwar kwandensa, ko fuskar kwamfuresa, a fara da nan. Ruwan sabulu na nuna babban yoyo. Ƙarami sai an zuba rini mai ƙyalli a ƙarƙashin fitila ta musamman, ko an cika tsarin da naitirojin an sa ido a kan geji, ko an bi da na'urar shinshina. Kada a manta da bakin da ake ɗura gas ɗin kansa, ɗan bawul ɗinsa irin na taya ne kuma yakan yi yoyo. In an toshe yoyon, aikin bai ƙare ba. A sauya tulun da ke tsotse danshi, domin da zarar an buɗe tsarin ya sha iska ya gama aiki. A zuƙe ciki da famfo aƙalla rabin awa, mai dogon tiyo ma fiye da haka, a rufe a ga ko allura za ta tsaya. Danshin da ya rage yakan daskare a bakin bawul ya toshe shi, yakan kuma haɗu da mai ya zama asid. Daga nan a zuba gas a kan sikeli, daidai nauyin da ke rubuce a takardar da aka manna a jikin motar. In kwamfuresa ce ta farfashe a ciki, garin ƙarfenta ya bazu ko'ina, sai an wanke bututu, an sauya bawul, sau da yawa har da kwandensa, in ba haka ba sabuwar ma ba za ta daɗe ba.

Abin da ake zubawa shi ma abin lura ne. Motocin da aka yi kafin wajen 1994 da R-12 suka zo, gas ɗin da aka daina yi bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda illarsa ga rufin ozon na sararin samaniya, kuma mansa ba ya tafiya da R-134a, sai an yi juyi na musamman. Sababbi da yawa sun koma R-1234yf, Tarayyar Turai ma tun 2017 ta hana sababbin ƙananan motoci zuwa da R-134a. Ba a gauraya su. Dokar Amurka ta haramta sakin gas ɗin a iska da gangan, na'ura ake sa wa ta kwashe shi. Gwangwani mai maganin toshe yoyo ni ba na ba kowa shawararsa, yana iya toshe bawul, gareji da yawa kuma ba sa karɓar motar da aka zuba wa shi don yana lalata musu na'ura. Jabun gas kuwa ya wuce maganar asarar kuɗi. A 2011, jabun R-134a da aka gauraya da wani sinadari mai suna R-40 ya sa kwantenonin sanyi sun fashe a Biyetnam da Brazil, ma'aikata suka mutu. Kasuwar gas ɗin esi ta duniya ce, abin da ya isa can yana iya isowa kowane gareji. Mai aikin kuma ya sa tabarau, gas ɗin in ya fesu a ido daskarar da shi yake yi.

Saura wanda aka duba komai aka tarar lafiya, amma mai mota na cewa har yanzu zafi yake ji. A sa masa ma'aunin zafi a bakin ramin iska na tsakiya, esi na zagaya iskar ciki. In iskar da ke fita ta gaza wadda ke shiga da digiri 12 zuwa 15 ko fiye, na'urar na yin abin da aka yi ta dominsa. An auna ta ne don kujeru biyu na gaba, ba don ɗaki mai tsawon mita 12 ba, ga kuma gilashin gaba mai faɗin bango yana shan ranar Arizona, inda zafin watan Yuli ke haura digiri 43. A mai injin fetur a gaba, injin na ƙarƙashin murfin da ke tsakanin direba da na kusa da shi, in robar bakin murfin ta mutu zafi ta nan yake shigowa. Masu irin waɗannan motoci kan rataya labule mai kauri a bayan kujerun gaba don sanyin ya tsaya inda ake bukatarsa, in kuma akwai mutane a baya, su tayar da janareta su kunna na rufi ana cikin tafiya.